"Ilimi gishirin zaman duniya": gishirin yana gyara hali kuwa?

Ɗan Zaure: Salamu alaikum. Yau karin maganar da na kawo ita ce "Ilimi gishirin zaman duniya." Mutane na jefa ta da nufin wai mai ilimi ya fi jahili kyan hali, ni kuwa ban yarda abin da take faɗa ke nan ba. A 1749 majalisar masana ta garin Dijon a Faransa ta sa gasa a kan tambaya mai kama da wannan: shin farfaɗowar kimiyya da fasaha ta tsarkake ɗabi'un mutane? Ruso, masanin falsafa ɗan birnin Janiba da ke Suwizalan ta yau, ya ce sam, ɓata su ta yi, kuma shi ya lashe gasar a 1750. To, karin maganar tamu da wa take?

Malamar Adabi: Wa alaikumus salam, Malam. A duba kalmar. Bahaushe bai ce ilimi tuwo ba ne, gishiri ya ce. Gishiri ba a cinsa shi kaɗai, aikinsa ya fito da ɗanɗanon abin da ke cikin tukunya. In daddawa ta lalace, ko an zuba masa mudu ba ya ceton miyar. Ashe tun asali maganar ba ta yi alkawarin gyara hali ba. Hali na da tasa: zanen dutse.

Baba Mai Carbi: Malama, Ruso ya wuce nan. Cewa ya yi gishirin kansa daga gurɓataccen wuri aka haƙo shi: ilimin taurari daga camfi, iya zance daga son girma da fadanci da ƙarya, lissafin awon fili daga rowa. Da Sitanislas, tsohon sarkin Folan, ya yi masa raddi, sai ya jero abin daki-daki a 1751: fifiko tsakanin mutane ya haifi dukiya, dukiya ta haifi almubazzaranci da zaman kashe wando, almubazzaranci ya haifi fasahar ƙawa, zaman banza ya haifi kimiyya. Ku lura da abin da ya sa a farko. Fifiko ne, ilimi a wutsiya yake.

Ɗan Zaure: Allah ya gafarta Malam, ai yatsun hannu ma ba tsayinsu ɗaya ba.

Baba Mai Carbi: Ya san da haka. A rubutunsa na 1755 ya raba fifikon gida biyu. Akwai na halitta: shekaru, lafiya, ƙarfi. Wannan shi ne na yatsu, bai yi faɗa da shi ba. Akwai kuma wanda mutane suka ƙulla da yardarsu: wane ya fi kuɗi, wane ake durƙusa wa. Ya ce abin ya faro ne ranar da aka taru a ƙofar bukka ana waƙa da rawa, aka fara duba wa ya fi iyawa. Daga nan mutum ya daina auna kansa da buƙatarsa, ya koma auna kansa da idon jama'a. Sai shingen mallakar fili ya biyo baya, da ƙirar ƙarfe, da noman alkama. Kuskuren masu kawo maganar yatsu shi ne suna ɗaukar hujjar gida na farko su kare na biyu da ita.

Malamar Adabi: Amma a faɗi gaskiya, shi ma ya ƙara gishiri. Bolter, marubucin Faransa, ya rubuta masa a 1755 cewa karanta shi na sa mutum sha'awar tafiya da ƙafa huɗu. Hiyum kuwa, masanin falsafa ɗan Sikotland, a 1752, ya ce ƙwazon sana'a da ilimi da tausayi sarƙa ɗaya ce, ba ta tsinkewa. Ni a nan ina bayan Hiyum. Shi kansa Ruso bai ce a ƙone ɗakunan karatu ba, kuma ya ware manyan masana kimiyya irin su Niyuton daga zarginsa.

Yaya Babba: Ku sauko ƙasa, a yi maganar inda ake amfani da ita. A walimar sauka, ko wajen lallashin yaron da ke gudun makaranta, ko uban da ke son cire 'yarsa daga aji, ta zauna daram. Inda take ɓaci wuri biyu ne. Binciken aure, a ce "ai mai digiri ne" a rufe tambaya. Da zaɓen ma'ajin ƙungiya ko uwar adashi, inda abin nema shi ne amana, takarda ba ta nuna ta. Adam Smit ma, masanin tattalin arziki da ba ya gaba da kasuwa, ya ƙara babi a littafinsa na ɗabi'a a bugun 1790, yana cewa girmama masu kuɗi da raina talaka shi ne babban abin da ke gurɓata hukuncinmu a kan hali.

Ɗan Zaure: Yaya, to in an ce maka "ai mai digiri ne," da wace za ka mayar? Kyan ɗan maciji ta yi zafi a gaban surukai.

Yaya Babba: Ta yi zafi ƙwarai. Ka ce dai a tambayi maƙwabtansa da wanda ya taɓa binsa bashi.