Ƙaramin jirgin da ba ya yawan tashi: da awa ake lissafin dubawa ko da wata?

Sabon Matuƙi:
Assalamu alaikum. Ni da abokaina biyu muna shirin haɗa kuɗi mu sayi tsohon jirgi ƙirar Cessna 172, kuma a lissafinmu da wuya ya yi awa 40 a sama cikin shekara. Na ji ana cewa duk bayan awa 100 ake duba ƙaramin jirgi. Shin ke nan za mu iya shekara biyu da rabi ba mu kai shi wurin injiniya ba?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam, ba haka abin yake ba. Dokar ƙasar da aka yi wa jirgin rajista ita ce mai iko a kansa, amma zan ba da misali da ta FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, tun da can aka ƙera shi. A tsarinta, dole ne a yi wa jirgi cikakkiyar dubawa duk wata 12, komai ƙarancin awannin da ya yi a sama, kuma sai injiniya mai izini na musamman ya sa hannu. Dubawar awa 100 ƙari ce a kan jirgin da ake ɗaukar fasinja da shi don kuɗi ko na makarantar koyon tuƙi.

Abin da ya fi damuna a maganarka shi ne awa 40 ɗin. Zama yana cin inji fiye da aiki, domin mai yakan tsiyaye daga sassan sama, danshi ya taru, tsatsa ta kama ƙarfe. Na taɓa yanka matatar man wani jirgi da ya shekara a ajiye, na baje takardar cikinta a hasken rana, sai ga ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli a kowane ninki, alhali injin bai kai rabin awanninsa ba. Shi ya sa kamfanin Lycoming, mai ƙera injinan ƙananan jirage, ya ce a canza mai duk awa 50 ko wata huɗu, duk wanda ya riga zuwa, kuma ga injinsa ƙirar O-320, wanda ke cikin jiragen Cessna 172 da yawa, ya ba da shawarar a kwance shi a sabunta bayan awa 2,000 ko shekara 12.

Malamin Tuƙi:
Na yarda da bayanin Injiniya, sai dai zan ƙara da batun takardu, wanda masu saye sukan raina. Kafin ku biya ko sisi, ku karanta littafin tarihin jirgin da na injin shafi bayan shafi, ku tabbatar an cika duk umarnin gyara na dole da hukuma ta fitar. Akwai ɗaya a kan layin ƙarfen da kujerar matuƙi ke gudana a kai, saboda idan ramukan makullinsa suka cinye, kujera tana iya zamewa baya daidai lokacin tashi, matuƙi ya ja sitiyari tare da shi. Ana duba wannan duk awa 100 ko wata 12. Na'urar da ke bayyana jirgi ga masu kula da zirga-zirgar sama kuma duk wata 24 ake gwada ta.

A tsarin FAA, mai jirgi da ke da lasisin tuƙi yana iya canza mai ko fulogi da kansa, muddin ya rubuta aikin a littafi ya sa hannu.

Sabon Matuƙi:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Mai jirgin ya ce littafin injin na farko ya ɓata, don haka mun dakatar da ciniki har sai injiniyan da muka zaɓa da kanmu ya duba shi.