Wace kalma za mu ba wa "vojvoda" a Hausa?

Jama'a, na maƙale a kan kalma ɗaya tun jiya. Ina rubuta taƙaitaccen tarihin Jovan Oliver, wani babban bafaden Sarki Stefan Dushan na Sabiya, wanda ya hau mulki a 1331 ya rasu a 1355. Oliver ɗin ya riƙe muƙamin da suke kira veliki vojvoda. Veliki dai babba ke nan, wannan ba gardama. Vojvoda ɗin ce ta hana ni barci. A bakinmu ma sai ta fito "boyboda", kamar sunan maganin sauro.

Tushenta guda biyu ne a harshensu: yaƙi ko runduna, da kuma ja-gaba. Wato mai jan runduna. Shi ya sa wani ƙanena ya ce, Yaya, ka sa "kwamanda" ka huta. Na ƙi. Da ka ce kwamanda, Bahaushe kaki zai gani da bariki da albashin ƙarshen wata. Oliver kuwa mai ƙasa ne. Yankin Ovche Pole da gefen kogin Vardar, cikin Masedoniya ta Arewa ta yau, a hannunsa suke, har kuɗi aka buga da sunansa. A 1342 yana cikin waɗanda suka shiga tsakani aka ƙulla ƙawance tsakanin Dushan da Kantakuzenos, mai neman gadon sarautar Rumawan Gabas (Bizantiya). Wannan ya wuce aikin soja zalla.

Wani dattijo da nake girmamawa ya ce, ai Madaki ke nan, mai dawaki, jagoran mahaya. Allah ya ƙara girma, Baba, hujjarka da ƙarfi, don a Zazzau ta dā Madaki ne ke jan runduna. Inda na tsaya shi ne, yau idan ka rubuta "Madakin Sabiya", mai karatu zai hango hakimi da rawani cikin masu zaɓen sarki, kamar na Kano, yaƙin ya ɓace masa. Galadima ma an kawo, saboda riƙon ƙasa irin na Galadiman Borno a Nguru, amma shi kuma babu ƙamshin fagen fama a sunan.

Ni dai zuciyata ta kwanta da Sarkin Yaƙi. Sarauta ce da sarki ke naɗawa, ga yaƙin a fili cikin sunan, kuma muna da misalin da ta haɗa runduna da ƙasa: Aliyu Jedo, Sarkin Yaƙin Shehu Usmanu, wanda zuriyarsa ke riƙe da sarautar a Binji. Tana kuma karɓar jam'i ba tare da wahala ba. Dushan yana da sarakunan yaƙi da dama, Oliver ya zama Babban Sarkin Yaƙi. Na san 'yan siyasa sun ɗan tsinka mata mutunci, kowane ɗan takara da nasa sarkin yaƙin a soshiyal midiya, amma wannan bai isa a bar musu ita ba.

Abin da ya ƙara tabbatar mini shi ne rubutun da ke gidan ibadar Lesnovo, wanda Oliver ya gina a 1341 da sunan Mala'ika Mika'ilu. An jera muƙamansa daki-daki, daga na ƙasa zuwa na sama, tamkar yadda ake cewa wane ya yi Ɗan'iya, ya yi Wambai, ya zo ya yi Galadima. Hotonsa na nan a bango, yana riƙe da ɗan ƙaramin siffar ginin a hannu. Tsani ne na sarauta, don haka kalmar sarauta ta dace da shi.

Saura matakin ƙarshe na tsanin, despot, wanda ya samu bayan an naɗa Dushan sarkin sarakuna a Skopje a 1346. Don Allah kada wani ya ce mini "azzalumi" kamar yadda take nufi a Turancin yau, a wancan zamanin lakabin girma ne na fadar Rumawa, daga sarki sai shi. Waziri na fara rubutawa, na goge.