Yaya zan hana manhajoji buɗe kansu idan na kunna kwamfuta?

Mai Shago Gwallameji:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shagon buga takardu a Gwallameji, nan Bauchi, yawancin masu zuwa ɗalibai ne. Kwamfutar tebur ce 'yar gwanjo, Windows 10 ke kanta. Da an ɗauke wuta na tada janareta na kunna ta, sai in zauna ina kallonta, fetur na ƙonewa, ɗalibi na tsaye da filash a hannu yana duba agogo. Allo zai fito, amma ko Word ba ya buɗuwa sai wasu manhajoji sun gama buɗe kansu: ta hira, ta sauke finafinai da yaron shagona ya saka, da wata da ban ma san aikinta ba. Ba na son goge su, so nake su zauna sai na kira su.

Injiniyan Wunti:
Wa alaikumussalam Malam. Abu ne mai sauƙi. Danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai fito. Shiga wajen da aka rubuta Startup, za ka ga duk abin da ke tashi tare da Windows. A gefen dama akwai layin da ke nuna nauyin kowace, waɗanda aka rubuta wa High su ne suka fi cinye maka lokaci. Zaɓi ɗaya, danna Disable a ƙasa. Wannan ba gogewa ba ne, manhajar tana nan, in ka buɗe ta da hannunka za ta yi aiki daram. Masu Windows 7 su kuwa msconfig za su rubuta.

Malama Pantami:
Injiniya ya faɗi daidai, amma a bi a hankali. Kada ka taɓa Windows Security ko duk manhajar da ke kare ka daga bairos, tunda filash ɗin kowa shiga na'urarka yake. Ta firinta da ta sauti ma ka bar su. Wadda ba ka sani ba ɗin nan, ka danna maɓallin dama na mouse a kanta ka zaɓi Search online kafin ka yanke hukunci. Sannan akwai masu taurin kai, ka kashe su yau, da an sabunta su sai su dawo. Irin waɗannan cikin saitinsu ake shiga a cire alamar da ke cewa su tashi da Windows. Nan ofishinmu a Gombe haka muka yi da ta hirar. Yaron nan kuma, ka buɗe masa nasa asusun da ba shi da ikon saka manhaja, in ba haka ba aikin baban giwa za ka yi ta yi.

Dan Muda Lawal:
Ni dai a ganina ko ka kashe su duka, in tsohon hadis (hard disk, ma'ajiyar bayanan kwamfuta) mai juyawa ne a ciki, sauƙin kaɗan za ka gani. Sa SSD, sabon nau'in ma'ajiya mai sauri, ko mai 128GB ne, ka bar tsohon don ajiya. Kuma ka sani Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025.

Mai Shago Gwallameji:
Allah ya saka da alheri. Na kashe ta hirar da ta finafinan, wallahi an samu sauƙi sosai, wadda ban sani ba kuwa ashe ta firinta ce, na bar ta. Batun SSD sai ɗalibai sun fara buga furojet kuɗi sun shigo. Malama, don Allah ta ina ake buɗe wa yaron asusun?