Sabuwar tifa: direba na barin ta a silo wai ronin yake yi, daidai ne?

Sabon_Mai_Tifa

Salamu alaikum jama'a, dan Allah kanikawa da masu harkar manyan motoci ku ba ni haske. Allah ya hore na fitar da Howo 371 tifa mai ƙafa goma, sabuwa dal, daga Legas aka koro ta zuwa Kano ba kaya, yanzu agogo na nuna wajen kilomita 1,300. Yashi za ta dinga ɗebowa daga ɓangaren Wudil zuwa cikin gari. To direban da na ɗauka babban mutum ne, a haife ya haife ni kuma ya daɗe a harkar, ya ce kar a ɗora mata kaya tukuna sai ta sha ronin, wato a lallaɓa sabon inji har kayan cikinsa su zauna. Ronin ɗin nasa kuwa shi ne da asuba ya tayar da ita ya bar ta a silo, inji na aiki mota na tsaye, ya tafi masallaci ya dawo ya karya tana nan tana ta gurnani, da la'asar ma haka, wai sai inji ya saki. Ya ce ai sabon mashin ma haka ake masa balle mota ta miliyoyi.

Ni dai gas nake gani yana tafiya ba sisi da yake shigowa, sannan yaron motar ya nuna min wani baƙin abu mai danshi a bakin salansa, kamar mai kamar kunkunniya. Shin wannan ronin ɗin gyara yake ko ɓarna? Kuma yaushe ya kamata a fara lodi? Bana son in yi wa dattijo gardama a kan abin da ban sani ba.

Tsohon_Direba

Wa'alaikumus salam. Alhaji Allah ya sa alheri ya tsare. Mu dai haka muka taso muka tarar, a zamanin su Marsandi 911 ba ka tayar da mota ka ja ta nan take, sai ta ɗumama. Kuma kar ka manta babbar mota birkin iska gare ta, in iska ba ta cika ba birkin baya ba zai sake ka ba ko me za ka yi, dole ka jira ƙarar nan ta gargaɗi ta yi shiru. Sannan yawancinmu abin da ya sa ba ma kashe mota a layin lodi tsoron batir da kik ne, ka kashe ta ƙi tashi a cikin rafi wa zai tura maka tifa? Amma gaskiya awa biyu awa uku kullum ba kaya, wannan kam ya yi yawa ko a wajena.

Bakanike_Kofar_Ruwa

Baba ya faɗi gaskiya a maganar iska, wannan ba musu. Amma Alhaji ronin ɗin silo ka tsayar da shi daga yau dan Allah, injin gas ba haka yake saki ba.

Bari in maka bayani yadda za ka iya mayar wa direbanka. Injin da ke cikin 371 ɗin nan WD615 ne, silinda shida, girmansa ya kusa lita 10. In ka taɓa leƙa cikin sabon silif, wato ramin da fistin ke hawa da sauka a ciki, za ka ga ba sumul yake ba, akwai wasu siraran zane da suka gicciya juna, da gangan kamfani ya yi su, su ne ke riƙe ɗan baƙin mai kuma su ne ringi, wato zoben da ke jikin fistin, zai goga a hankali har su zauna da juna daram. Abin da ke danna ringi jikin silif ba ƙarfin ringin kaɗai ba ne, matsin wutar da ke tashi a saman fistin ne yake zagayawa bayan ringin ya tura shi waje. Kamar wasa wuƙa ne a dutse, in ba ka danna ba sai dai ka yi ta shafa. A silo inji na juyawa wajen 600 a minti, gas kaɗan nozul ke fesawa, matsin ba shi da ƙarfi, zafi bai kai ba, gas ɗin ma ba duka yake ƙonewa ba. Ragowar sai ya wanke baƙin man da ke jikin silif ya gangara cikin sam, kaskon mai na ƙasan inji, ya tsinka maka mai, wani kuma ya haɗu da hayaƙi ya dasƙare ya cike zanen nan, silif ya koma yana ƙyalli. Da zarar ya yi wannan ƙyallin ringi ba zai ƙara zama yadda ya kamata ba, daga nan sai ka ji mota sabuwa tana shan mai, tana busa hayaƙi ta bututun numfashi, mai ita ya ce an sayar masa da jabu alhali a gida aka yi mata.

Baƙin abin da yaronka ya gani a salansa shi ne wannan gas ɗin da bai ƙone ba haɗe da kunkunniya. Masu janareta babba sun san shi sarai, in an kunna ƙaton janareta ana jan ɗan fitilu kawai haka yake dalala. A matakin da kake ba abin tashin hankali ba ne, in ta ɗauki kaya ta yi zafi sosai a hanya yawanci ƙonewa yake ya bushe.

Abin da zan ce ka yi. Da safe a duba mai da ruwa, a tayar, kar a taka totur, a bari agogon mai ya tashi iska ta cika, minti uku zuwa biyar ya isa a garinmu ko da sanyin hunturu ne, sai a ja a hankali har allurar zafi ta hau wajen 80. A tafe inji yake ɗumama da sauri, a tsaye sai ya daɗe bai kai ba. Lodi kuma a fara yanzu, amma ba lodin 'yan yashi ba da ake tula mata har da tozo a sama, jiƙaƙƙen yashi nauyi gare shi ba wasa ba. A ba ta kamar rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na abin da aka rubuta mata. A riƙe allurar juyin inji cikin koren nan na agogo, kar a ƙure ta, kar kuma a bar ta a babbar giya tana kakari a hawa, wannan kakarin yana cin metal, wato boris ɗin cikin inji, fiye da gudu. Hanyar Wudil ma ta dace, akwai miƙe akwai tsayawa akwai fitowa daga rafi, juyin inji zai dinga canzawa, abin da ake so kenan.

Wuri ɗaya da nake roƙon direbobi su yi silo shi ne kafin kashewa. In mota ta taso da kaya tobo, wanda hayaƙi ke juyawa yana tura iska cikin inji, ya yi jawur, yana juyawa sama da dubu ɗari a minti kuma baƙin mai ne kaɗai ke sanyaya sandarsa, ka kashe nan take mai ya tsaya ya soye a ciki. Minti uku zuwa biyar a silo sannan a murɗe makulli. Abin haushi shi ne da yawa sun juya abin, da safe awa guda, da yamma kuma suna tsayawa sai kashewa.

Akawun_Motoci

Ni ba bakanike ba ne, lissafin gas na motocin wani kamfanin gini nake riƙewa, to ta nan zan shigo. Inji mai wannan girman a silo yana shan kamar lita 2 zuwa 3 a awa. Ka ɗauka awa huɗu a rana, kwana 26 a wata, a lita 3 ya kama lita 312, kuma gas ya haura naira dubu a lita, kai ka buga da kanka. Wannan fa mota ba ta motsa ko taku ɗaya ba.

Na biyun da mutane ba sa lura, agogon kilomita ba ya ƙirga silo amma baƙin mai yana tsufa. Ford ma a littafin motocinsu na gas sun rubuta a ɗauki awa ɗaya ta silo kamar tafiyar mil 25, wajen kilomita 40 kenan. Shi ya sa tifa da ke yini a layi ko a wajen aiki ba a bin kilomita kaɗai wajen juyen baƙin mai, ana haɗawa da awanni. Ka sayi ɗan littafi ka ba yaron mota ya dinga rubuta lokacin tayarwa da kashewa, wlh wata ɗaya za ka ga abin mamaki.

Sabon_Mai_Tifa

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Baba na gode, oga bakanike bayanin nan ya shige ni. Saura abu biyu. Tahowar da aka yi da ita daga Legas ba kaya, ita ma ta yi illa kenan? Sannan direban ya ce in kai ta a cire tamostat tun yanzu wai na ƙasar sanyi ne, a nan obahitin yake kawowa, kuma ya ce a yi juye a kilomita 1,500.

Bakanike_Kofar_Ruwa

Alhaji tahowar Legas ba komai, tifa ko ba kaya jikinta kaɗai ya haura tan goma, ga hawa ga gangara ga canjin giya, ta fi silo amfani nesa. Sai dai in yaran da suka koro ta sun yi ta tsere da ita, wannan kuma ba ka da yadda za ka sani, ka dai sa ido a sandar awon mai kullum da safe a wuri mai daidai. Sabon inji ya ɗan taɓa mai a farko ba laifi ba ne, abin dubawa shi ne yana raguwa ko yana ƙaruwa. In kuma ka ga mai yana hawa sama da alama maimakon ya sauka, ko ka shinshina ka ji warin gas, a tsaya a duba.

Tamostat kuwa kar ka yarda a taɓa shi, mu kanikawa mu muka ɓata mutane da wannan al'adar. Aikinsa ya tare ruwa har inji ya kai zafin aikinsa sannan ya buɗe, in ka cire shi inji zai daɗe a sanyi, duk abin da na lissafa maka na silo ka jawo shi da hannunka har a kan hanya. Mota in tana obahitin a duba lagireto ko ya toshe da ƙura, a duba fanka da bel da murfi, ba a fara da zare tamostat ba. Kuma mota na cikin garanti ka cire mata abu, gobe in wani abu ya faru da wane baki za ka koma wa dila.

Juyen farko a nan ina bayan dattijo, yin sa da wuri ba ya cutarwa tunda akwai ɗan garin ƙarfe da sabon inji ke saki, ga kuma gas ɗin da silon nan ya riga ya zuba a ciki. Amma ka buɗe littafin da aka ba ka da motar ka ga kilomitan da suka sa na sabis ɗin farko, ka kira dila ka ji ko dole a wajensu za a yi, a buga maka hatimi. A canza da filta, a sa man injin gas na gaske 15W-40 daga wajen da ka yarda da shi, ba na durom ɗin bakin titi ba. Ranar a bi notocin taya da na sifirin a ƙara ɗaurewa, sabuwar mota suna saki bayan lodin farko. Filtar iska kuma da ƙurar rafi da ta hunturu sai an dinga dubawa, kar yaro ya dinga buga ta a taya yana cewa ya kakkaɓe.

Dan_Zariya

Ƙarin bayani kaɗan ga masu karantawa da ke da wata motar daban, irin Actros da DAF da MAN na bayan nan da ake shigowa da su daga Turai, masu Euro 6, suna da matatar hayaƙi a salansa wadda sai ta yi zafi sosai take ƙone abin da ta tara. Su silo ya fi yi musu illa, toshewa take motar ta rage ƙarfi da kanta. 371 ɗin Alhaji yawanci Euro 2 ce ba ta da wannan.

Tsohon_Direba

To Alhaji ka ji dai. Shawarata kar ka je ka ce masa yara a waya sun ce bai iya ba, ranar za ku ɓata. Ka ce dila ne ya ce sai an yi mata lodi kaɗan kaɗan saboda garanti, ka bi shi sawun farko ku ɗebo rabin kaya ku dawo. Batun kashewa a layin lodi kuma in jiran ya wuce minti goma ya kashe, batir sabo kik sabo, ba ta da dalilin ƙin tashi. Amma a cikin rafi in ruwa na kusa ni dai har gobe ba na kashewa, bakanike ya yi haƙuri.