Hawan tsaunukan Jos da ratsa kududdufan kuza: wa ya taɓa zuwa?

Maman Hanifa: Salamu alaikum. Mu goma sha biyu ne muke shirin fita tattaki bayan garin Jos, mu hau dutse mu bi ta tsofaffin wuraren haƙar kuza. Waɗanda suka taɓa zuwa, don Allah ku faɗa mana abin da kuka tarar.

Ɗan Bukur: Wa alaikumus salam, Hajiya. Mun hau Shere da hunturun bara. Ƙololuwarta ta haura mita 1,800, iskar can sama kuwa ba ta da sabo. Mun fito bayan asuba ina sanye da shadda kawai, kafin mu kai rabi haƙorana na haɗuwa. Ku ɗauki rigar sanyi da takalmi mai kama dutse. Wani abokinmu da silifa ya je, a hannu ya dawo da su.

Malam Na-Tudu: Ni ta wajen Rayfield muka bi zuwa Bukur. Fili ne fetal, ciyawa gajera, bishiya jefi-jefi, sai shingen ƙerana kewaye da gonakin acca. Kana cikin tafiya sai tulin jar ƙasa ya tare ka, ka hau, ka ga ruwa kore shar kwance a ƙasa kamar an zana. Na daɗe tsaye a bakin ɗaya. Kakana daga ƙasar Katsina aka kwaso su aikin dole lokacin yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1942 da 1944, sa'ad da Turawa suka matsu da kuza. Kwanon sarki yake ɗauka a ka daga ƙasan rami zuwa sama, wuni guda. Ya ce abin da ya fi cin mutanensu sanyi ne, don ba su zo da mayafin kirki ba. Yaran da muke tare suna ta ɗaukar hoto, ni kuwa ƙirjina ya yi nauyi, na kasa cin guzurina.

Anti Ladi: Allah ya jiƙansu, Malam. Hajiya, ki ja kunnen samarinku, kada kowa ya ce zai yi wanka. Ruwan nan ba shi da gangare, taku biyu sai zurfi, ƙasan kuma laka ce. Mun tarar da masu noman rani suna jan ruwan da injin zuwa kabeji da dankalin Turawa, su suka nuna mana inda gaɓa ke zaftarewa.

Ɗan Bukur: Gaskiyar Anti. Akwai kuma ƙananan ramukan da ciyawa ta rufe bakinsu. Ku nemi ɗan gari ya shige gaba, ku gaida mai unguwa kafin ku ratsa gonar mutane.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai. Malam, in babu takura ka zo ka raka mu ran Asabar, yaran su ji labarin kakanka a bakin ramin.