Yaya za a yi wasannin 'yan lakwal su shiga rediyo a Tawa?

Malamin EPS (wasannin motsa jiki): Assalamu alaikum. Idan lokacin kokowar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasar Nijar, ya zo, kowace tasha tana can tun daga safe har dare. Amma a yi ƙwallo tsakanin makarantun sakandare biyu, lise ko CEG, ko sakamako ba ka ji. Wace hanya makaranta za ta bi a sanya wasanta?

Tsohon mai rahoto: Wa alaikumus salam, Malam. Kokowa daban take. A nan Tawa aka fara gasar takobi a 1975, yanzu jihohi 8 ne ke shiga, kowace da 'yan kokowa 10, kuma 'yan kasuwa na rububin sa talla. Wasan lakwal babu mai ɗaukar nauyinsa, ga shi tasha mai zaman kanta da talla da sanarwa take rayuwa. Ɗan rahoto zai zuba mai a moto, ya sa kiredi a waya, wa zai biya?

Ku kai takarda mai hatimin shugaban makaranta, aƙalla kwana uku kafin wasa, hannun mai shirin wasanni ba wurin mai gadi ba. A rubuta rana, awa, fili, tsawon wasan, da sunayen 'yan wasa tare da lambar rigarsu. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa, sai ka ji mai sharhi yana ta "mai lamba tara, mai lamba tara", alhali iyaye sunan ɗansu suka kasa kunne su ji. In an ɗage wasa, ku kira. Ɗan rahoton da ya zo ya tarar da fili wayam ba zai sake zuwa ba.

Mai haɗa sauti: Ni dai shawarata kada ku fara da watsa wasa kai tsaye ta waya. Wayar tana ɗaukar zafi a rana ta mutu, layi ya yanke ana tsakar hari. Ku naɗi murya ta minti ɗaya da rabi da an tashi: sakamako da farko, waɗanda suka ci, sai magana biyu daga bakin kyaftin. Ku tura ta WhatsApp kafin labaran dare.

In kuwa dole sai kai tsaye, a zo da layi biyu na kamfani daban-daban, da power bank cike, da abin sawa a kunne. Waya ta yi nisan taƙi ɗaya da baki. A juya wa iska baya, a sa wa makirufo soso ko safa, musamman da hunturu. Kuma duk wani rediyo da ke kusa da mai magana a kashe shi, don sautin yana komawa cikin waya ya zama ƙugi, mai sauraro ya ji kamar ana busa usur a kunnensa.

Hajiya ta Yamai: Malam, ku haɗa da 'yan mata. Suna buga handbal da basket, ba a ambatonsu. Sannan ku koya wa ɗalibai biyu yin rahoton, ɗaya da Hausa ɗaya da Faransanci, tasha ta zaɓa. Ku gama gasar kafin zafin Afirilu, don daga nan hankalin kowa ya koma kan jarrabawar BEPC da BAC.

Malamin EPS: Na gode ƙwarai. To, takardar da Faransanci za a rubuta ko Hausa ta isa?

Tsohon mai rahoto: Takardar da Faransanci, Malam. Sunayen yara kuma a rubuta su yadda ake kiransu a gida.