Na mayar da kaya sun zaftare min kashi 20, wai kuɗin mayarwa sito

Mai Awara, Kubwa:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Sati uku da suka wuce na yi odar blenda a ɗaya daga cikin kasuwannin intanet ɗin nan, wajen wani mai shago a Legas, ₦68,000. A tallan an rubuta wat 1,000, kofin gilashi, ni kuma don markaɗen waken suya nake so tunda awara ce sana'ata. Kaya suka iso na buɗe kwali sai ga kofin roba, na juya gindin injin na ga 350 ɓaro-ɓaro. Wlh ko jonawa ban yi ba, ledarta ma na jiki. Washegari na mayar har na biya ₦4,500 kuɗin aikawa daga aljihuna. Jiya sai ga alat na ₦54,400. Na kira shi wai sun cire kashi 20 kuɗin mayar da kaya sito, wai haka tsarin shagonsu yake. Shi ya turo abin da ban saya ba kuma ni zan biya tara? Ya zan yi?

Ɗan Banex:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ma waya nake sayarwa a Wuse 2, kuma gaskiya muna cire irin kuɗin nan, ba zan ɓoye ba. Mutum zai sayi waya ranar Juma'a ya ɓare ledar kwali ya sha hotunan biki da ita, Litinin ya dawo wai kalar ba ta masa ba, to wayar da aka ɓare wa zai saye ta a kuɗin sabuwa? Amma wannan sai in kwastoma ne ya canza ra'ayi, kuma an faɗa masa tun kafin ya biya. Naki daban ne, shi ya yi kuskure ko ma ganganci, ko sisi bai kamata ya taɓa ba, kuɗin aikawar ma shi ya kamata ya ɗauka.

Baban Yara, Gwarinpa:
Hajiya kar ki sake kiransa a waya, maganar baki iska ce. Ki shiga cikin manhajar ki buɗe ƙorafi a kan odar, don kasuwar ce ke tsakaninku kuma ita yake jin tsoro, ba ke ba. Ki sa hoton tallan, hoton gindin injin inda aka rubuta 350, rasit ɗin aikawa da alat ɗin. Ki rubuta musu cewa ₦13,600 kike bi da ₦4,500 ɗinki. Dokar kare masu sayen kaya ta 2018, sashe na 122, ta ce wanda bai samu damar duba kaya ba kafin a kawo masa, ya ga ba su dace da abin da aka siffanta ba, ya ƙi karɓa cikin lokacin da ya dace, cikakken kuɗinsa za a mayar masa. Tsarin shago ba ya gaban doka. In sun yi kunnen uwar shegu ki kai FCCPC, wato hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayen kaya, suna karɓar ƙorafi ta shafinsu, hedikwatarsu ma a nan Abuja take. Tambaya ɗaya, a cikin manhajar kika biya ko transfa kika masa kai tsaye?

Mai Awara, Kubwa:
Da kati na biya a ciki Alhaji. Ya ma kira ni lokacin wai in tura asusunsa zai rage min dubu biyu, Allah ya sa na ƙi.

Yar Nyanya:
Kin tsallake rijiya da baya Anti, da kin tura masa da sai dai ki bar wa Allah. Tunda kati ne kina iya zuwa bankinki ki cike fom ɗin ƙorafi, in sati biyu suka wuce shiru ki kai CBN, wato Babban Bankin Najeriya, sai dai fa akwai zirga-zirga, ki fara da abin da Alhaji ya ce. Kuma yi sauri ki ɗauki sikirinshot na tallan kafin ya gyara.

Mai Awara, Kubwa:
Kai jama'a, yanzu na duba har ya mayar da shi 350 ya canza hoton kofin. Amma ranar da zan saya na tura wa maigida tallan a WhatsApp ina tambayarsa ko in saya, yana nan da kwanan wata. Bari ya dawo masallaci in karɓi wayar.